An Ci Mutuncina a Zaure, An Ba Ni Haƙuri a Waya

Zuwa ga Shugabannin Zauren Masu Rubuta Manhaja na Abuja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai saka darussan koyon rubuta manhaja da Hausa a zaurenmu na intanet duk Asabar.

1. Da na saka darasi na bakwai, babbanku Injiniya, wanda kowa ke ce wa Oga, ya ɗauki hoton darasin ya maƙala a saman zaure. Ya ce shirme ne, ya gwada bai yi aiki ba, wai in koma in koyi abin kafin in koyar.

2. Layin farko na darasin ya faɗi sigar manhajar da za a yi aiki da ita. Oga ya gwada a wata sigar dabam, don bai karanta ba. Sauran jama'arku ko gwadawa ba su yi ba. Oga ya yi dariya, suka jera alamar dariya a bayansa kamar layin gidan mai. Na ji kunya, amma kunyarku na ji.

3. Da na nuna masa kuskurensa, sai ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, wai in yi haƙuri, kada in tayar da maganar saboda girmansa. Hoton na nan a maƙale har yau.

4. Ba gyara nake gudu ba. Wani bakanike a Apo ya taɓa nuna mini kuskure a darasi na uku, ya faɗi layin, ya kawo gyaran. Na gode masa a gaban kowa. Bai san rabin abin da kuka sani ba, amma ya fi ku sanin aikin.

5. Abin da ya fi ci mini rai: Malama Rabi tana koyar da ɗalibanta a Sheda da darussan nan. Shugaban makarantarsu ya ga hoton, ya hana ta amfani da su. Ɗalibai sun tsaya a darasi na shida saboda mutum ɗaya ya ƙi karanta layi ɗaya.

Ina roƙon a cire hoton, Oga ya janye maganarsa a inda ya yi ta, yadda Malama za ta samu abin nuna wa shugabanta. Kuma duk mai suka ya faɗi layin da ya gwada.

Allah Ya ƙara muku girma. Ranar da ɗayanku ya zauna ya rubuta darasi nasa na kansa, in ranar za ta zo, Allah Ya haɗa shi da masu karatu kafin dariya.

Wassalam, na bar ku lafiya.

Bala, daga Apo