Bakin Beryl

Litinin, 4 Yuni 1945
'Yata Beryl ta dawo daga ƙauyen da aka kai yara gudun bam. Tana da shekara shida ta tafi, yau sha biyu. Na rungume ta a tasha, ta ce, "Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya." Ni! Sai ka ce mai karanta labarai a rediyo.

Laraba, 6 Yuni
Wasiƙa daga Misis Harcourt da ta riƙe ta. Wai mu mayar mata da yarinyar, za ta sa ta makaranta mai kyau. Amsa kafin ƙarshen wata. Ubanta Sid ya ce, "Ta haifi tata mana."

Asabar, 9 Yuni
Sid ya tafi da ita kasuwar Bethnal Green sayar da kabeji. Ya yi mata zaurancenmu na 'yan kasuwa, wanda ake juya kalma ta baya, wai ta miƙa wa wata mata lalataccen da ke ƙasan tulin. Ta tsaya tana kallonsa, ko kalma ba ta gane ba. Ya dawo bai ci abinci ba.

Talata, 12 Yuni
Yaran layi sun sa mata suna Gimbiya. Ba ta fita. Ina tsoro.

Alhamis, 14 Yuni
Ofishin gidaje, kan rufinmu da bam ya fasa. Zuwana na biyar. Ina buɗe baki akawun ya ce, "Koma baya, uwar surutu." Beryl ta yi masa jimla biyu kacal da Turancinta na manyan mutane. Mutumin nan ya miƙe ya kawo mana kujera. Shekarata talatin da takwas, ba a taɓa ba ni kujera a ofis ba.

Juma'a, 22 Yuni
Yau ta rama. Ta leƙa ta taga ta ce wa ɗan gidan maƙwabciyarmu Flo, "Kai, mai kan tukunya, zo nan in gyara maka hanci!" Da muryar layinmu sak, har haɗiye kalmomin. Sid ya yi dariya har da hawaye: "'Yata ta dawo gida!"

Abin da nake roƙo ke nan kwana goma sha takwas. To me ya sa na daka mata tsawa, na ce kada in sake jin irin wannan a bakinta?

Ban yanke komai ba. Na dai tambayi Flo ko jirgin ƙasa mai zuwa ƙauyen Misis Harcourt yana tashi ran Lahadi.