Hoton Ɗaya Gwiwar

Zuwa ga mahaifina, Malam Sale maɗori,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah ya ƙara haskaka makwancinka, ina da labarin da na so a ce a zaurenka na ba ka shi.

Wata uku da suka wuce aka kawo mini Yaya Isiyaku daga Djougou. Babur ne ya kwanta da shi a hanyar Kolokondé, da doya a baya, ƙafarsa ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Kwana huɗu ba ya iya takawa, bayan ƙafar kuma ya fara jinsa kamar ba nasa ba. Ka san in jijiyar wurin ta lalace, jan ƙafa zai yi har ƙarshen ransa. Na ji tsoro, Baba.

Ni na ɗauki hoton gwiwar a asibitinmu na Parakou, da na'urar nan da kake yi wa dariya. Ba karaya, ba tsagewa. Likita ya ce targaɗe ne, har ya ɗauki biro zai rubuta magani.

Sai na tuna ka a kan tabarma. Duk wanda aka kawo maka, ba ka fara taɓa inda ke ciwo. Ƙafa mai lafiyar kake fara shafawa, majinyaci yana ta ihun ba ita ba ce, kai kuwa ko ɗaga kai ba ka yi. "Ita za ta gaya mini yadda 'yar'uwarta take a da," kake cewa.

Na roƙi likita ya bari in ɗauki ta dama. Da muka jera hotunan biyu, sai ga abu ƙarara: kan siririn ƙashin nan na gefen gwiwa ya goce, ya yo gaba. Likitan ya ce shi ma a littafi kaɗai ya san irin wannan gocewar. Aka sa Yaya a sikana, babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, ta tabbatar, a ranar aka mayar da ƙashin wurinsa.

Jiya tare da Yaya muka yi Juma'a a Zongo, ya yi sujada ba kujera. Yana ta cika baki wai jikinsa ne mai kyau. Na ƙyale shi.

Ka rasu kana ganin na guje wa ɗori na bi na'ura, ni kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Ashe na tafi da ɗorin ban sani ba. Yanzu hankalina a kwance yake.

Allah ya jiƙanka, ya saka wa hannayen nan naka da Aljanna.

Ɗanka da ka ce ba shi da hannu,
Musa