Jiran Zazzaɓi

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka mayar wa maigida ƙwayoyin jininsa. Wai an kai su ɗakin bincike an koya musu gane ƙarin dajin da ke hanjinsa. Ɗan ruwa a leda, ko rabin kofi bai kai ba. Wannan muke ta jira tun bara? Likita ta ce mini: "In zazzaɓi ya zo kada ki tsorata, yawanci alama ce sun kama faɗa."

Alhamis, 6 ga Maris
Jikinsa sanyi ƙalau. Ni ce matar da ke roƙon Allah ya sauko wa mijinta da zazzaɓi.

Lahadi, 9 ga Maris
Inna, mahaifiyarsa, ta zo da ƙannenta. Ta dafa goshinsa ta ce, "Alhamdulillahi, ba zafi, sauƙi ya samu." Duk suka amsa. Na fara yi mata bayani, ta dube ni sama da ƙasa: "Ke 'yar nan, so kike ɗana ya kama da wuta?" Na fita baranda. Haushi kamar in fashe.

Juma'a, 21 ga Maris
Hoto ya fito, ƙarin yana nan daram. Likita ta ce ƙwayoyin sun isa wurin, amma ƙarin yana fitar da wani abu da ke kashe musu jiki, sai su kwanta a gefensa. Maigida har da dariya: "Jinina ne ai, da sun ga inuwa sai barci." Ni ban ga abin dariya ba.

Talata, 1 ga Afrilu
Akwai sabon gwaji. Za a toshe wa ƙwayoyin kunne don kada su ji umarnin ƙarin. Amma sai an sake ɗura masa maganin nan mai sa amai da zubar gashi, kuma ba tabbas. Ya ce, "Maman yara, na gaji. Ki kai ni gida." Na ce ragwanci ne. Na ce yaran fa, wa zai bar wa? Ya juya wa bango fuska. Na tsani ciwon nan, yau har shi ma na ji na tsana.

Asabar, 5 ga Afrilu
Likita ta tambaya ko mun yanke shawara, na ce ta tambayi mai jikin. Ban ce na yarda da maganarsa ba fa. Na dai biya gida da rana, na buɗe tagogin ɗakinmu, na shimfiɗa sabon zanen gado.