Ɗan Benci da Yayan Nuha

Juma'a, 3 ga Rajab 1446

Yau ma kofin shayi huɗu na jera. 'Yata Nuha ta ɗauke ɗaya ta mayar. Malam Mukhtaru bai fito falo ba. Tun da mota ta kaɗe ɗanmu, Yayan Nuha, a hanyar Jidda ya rasu, bai sake hura wuta a shagon tsire ba, mabuɗin yana rataye a bayan ƙofa. Ni ma ban taɓa turmi ba. Ƙuliƙulin yaji yana cikin roba yadda na ajiye shi.

Miji na nan, amma kamar babu. Shi ne abin da ke ba ni tsoro, kada in rasa biyu.

Lahadi, 5 ga Rajab

Ba komai. Wanki. Na sami safar Yayan Nuha ɗaya a bayan injin.

Talata, 7 ga Rajab

Awwalu maƙwabcinmu ya shigo bayan La'asar. Shi ne ba ya fashin shago, ya ci tsire ya yi musun ƙwallo. Ina jin su daga kicin. Ya ce, "Abu Hudaifa, Larabawan unguwa sun dame ni, wai ina siriya, tsiren nan naka. Yara har sun rame." Malam ya ce Allah ya kawo lokaci. Sai Awwalu ya ce an buɗe kasuwar 'yan wasa a Turai, kuma ana ta cewa ƙungiyarku za ta sayi yaron nan. Na ji Malam ya tashi ya shiga ɗaki. Awwalu ya fita yana ba ni haƙuri, wai bakinsa ne ya riga hankalinsa.

Yaron nan. Na san shi ba tare da na taɓa ganinsa ba. Bature ne ɗan Ingila, sunansa ba ya zama a bakina, Ɗan Benci muke ce masa a gidan nan. Yana wata ƙungiya inda ba a sa shi sai wasa ya kusa tashi. Malam da ɗansa ƙungiya ɗaya suke so, masu jar riga, amma a kan yaron nan sun yi wata da watanni suna musu. A shago, a mota, a kan faranti.

Yayan Nuha ya ce, "Abuya, wallahi ya iya, fili ne ba a ba shi ba."

Malam ya ce, "Babbar ƙungiya ba makaranta ba ce. Naman da bai sha yaji ba, ba a kai shi wuta."

"To yaushe zai nuna in ba a kai shi ba?"

"Yanka albasarka."

Da haushi nake ji. Yau da zan ji ko sau ɗaya.

Asabar, 11 ga Rajab

Na ce wa Nuha ta nuna mini shi a waya. Ta dube ni ta ce, "Umma, min jidd? Da gaske, ke da ƙwallo?" Na ce nuna mini dai.

Siriri ne, kunnuwansa sun yi ja don sanyi. Yana zaune cikin ƙatuwar riga, ya cusa hannaye a hammata, yana kallon fili yana kaɗa ƙafa. Da aka kira shi ya miƙe da sauri har ya yi tuntuɓe da gorar ruwa. Bai daɗe da shiga ba alƙali ya busa.

Haka wani yake tsayawa a bayan teburin albasa, yana kallon hannun ubansa a kan wuta, yana kaɗa ƙafa. Ya yanka albasa, ya naɗe takarda, ya kai wa mutane a mota. Wuta kuwa sai Malam. Ashe ba a kan Bature yake musu ba. Ni da na haife shi sai yau na gane.

Ko uwar Baturen tana zuwa kallo? Ta sha sanyi ta zauna don ɗan wannan lokacin.

Laraba, 15 ga Rajab

Na je Harami da Nuha. A hanyar fita wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta unguwar Nakkasa ta riƙe hannuna tana ta cewa Ummu Hudaifa, Ummu Hudaifa, Allah ya ba ki haƙuri. Duk Makka da sunansa ake kirana, ni kaɗai ce ban taɓa faɗinsa ba.

A tasi Nuha ta tambaye ni, lesh? Me ya sa? Na ce ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Haka innata Mairama ta yi, haka tata uwar ta yi tun suna Sudan a hanyarsu ta zuwa Makka. Kafin a haife ki "yaron nan" nake cewa, da kika zo ya zama Yayan Nuha. Ta ce, "Bas, ai shi bai sani ba, Umma. Ya taɓa tambayata ko sunan ne ba ki so."

Ko a asibiti, da na sa hannu a goshinsa, "kai" na ce. Kai, tashi mana.

Juma'a, 17 ga Rajab

Malam ya fito cin abinci da kansa. Na yi murna ban nuna ba. Ya kai loma biyu, sai ya ce, ba ni yake kallo ba, bango yake kallo, "Ya kamata su saye shi. Gaskiyar yaronmu ce." Can ya ƙara, "Ko tsinke ɗaya ban bari ya juya ba." Ya wanke hannu ya koma ɗaki.

Na zaci in ya yi magana sauƙi zai zo. Bai zo ba. Ya miƙa wuya ne, musun ya mutu, kuma musun ne kaɗai abin da ya rage mai motsi a gidan nan.

Litinin, 20 ga Rajab

Na sa Nuha ta karanta mini abin da masu cewa kada a saye shi suke faɗa. Ta fassara, na haddace kamar karatun allo. Tana dariya tana cewa Umma ta zama muhallila, irin masu sharhi a talabijin. Na ce kada ki gaya wa Abuyanki.

Talata, 21 ga Rajab

Na yi. Sai ka ce sata zan yi.

Ina zuba miya na ce, "Malam, ni fa ban ga dalilin sayen yaron nan ba." Ya ɗago. Na ce suna da mutum biyu a wurin da yake bugawa, in ya zo benci zai canza kawai, daga mai sanyi zuwa mai laushi. Na ce kuma 'yan Ingila tsada gare su don a gida suke, kamar tumatir a lokacin Hajji.

Ya ce, "Ramlatu, wa ya gaya miki wannan?"

Na ce ina da kunne.

Ya ajiye cokali. Ya ce mutum biyun nan ɗaya ya tsufa, ɗaya kullum yana jinya. Ya ce yaron yana buga dama yana buga hagu, ba ya ƙorafi, irinsa ake so a babban gida. Na ce wanda ya iya ba a ajiye shi. Ya ce, "Haba ya sheha, fili ne ba a ba shi ba." Da muryar Yayan Nuha ya faɗa, har da yadda yake buɗe tafin hannu. Shi ma ya ji. Ya tsaya. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Sai ya ce, "Ƙaro mini miya, ba ki san ƙwallo ba."

Ya cinye. Na shiga kicin na yi kukana a gaban famfo.

Alhamis, 23 ga Rajab

Musu bayan Azahar, musu bayan Magariba. Nuha ce alƙali, kuma tana cin hanci, duk wanda ya ba ta ƙarshen shayi shi ke da gaskiya.

Lahadi, 26 ga Rajab

Awwalu ya dawo, a ɗarare. Malam ya ce masa, "Zauna, Hajiya ta fi ka iya musu." Daga bayan labule na ce ni dai ba a saye shi da yawuna ba. Awwalu ya ce to shi yana bayan Hajiya, in dai za a biya shi da siriya.

Ina addu'a kada a yanke maganar nan da wuri. Allah ya yafe mini, addu'a a kan cinikin Bature.

Laraba, 29 ga Rajab

Na hau saman bene da turmi, don na ƙasa ba sa son daka. Ƙuli, citta, barkono, kanumfari. Don kada ƙulin ya lalace ne kawai.

Talata, 5 ga Sha'aban

An rufe kasuwa jiya. Ba su saye shi ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce ta karɓe shi aro, Nuha ta ce a can kowane mako zai buga daga farko har ƙarshe. Malam ya ce to, ba ni ba ke, an yi canjaras. Sai na ga shirun nan nasa na da yana neman dawowa.

Na ce, "Wane canjaras? Ai abin da Hudaifa yake so ke nan, a bar yaro ya buga."

Nuha ta riƙe butar shayi a sama ba ta zuba ba. Malam ya dube ni ya daɗe. Ban gyara ba. Ya ce, "Haka ne. Shi ya ci."

Bayan La'asar ya tambayi inda na ajiye yajin. Na ji ƙarar mabuɗi a bayan ƙofa. Ya ce zai je ya duba gawayi ne kawai, ko ya jiƙe.

Ba wani abu ba ne, suɓutar baki ce. Sai dai bai yi nauyi yadda na zata ba. Da nake wanke kofuna na sake faɗa a hankali, ni kaɗai. Uku na wanke.

Hudaifa. Haka ake rubuta shi.