Muryar Da Ke Matsowa Ta Cikin Ƙaho

Assalamu alaikum Malam Ɗangiwa. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, don ban san inda zan yanke ta ba. Abin da na gina da hannuna ne ke neman tafiya da mahaifiyata.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Tambuwal, amma gidanmu na asali yana wani ƙauye kusa da Fakku, ƙasar Kebbe. Duk ƙarshen mako nika hawa babur in tafi. Tun ina yaro nake da cutar son lasifika. Ba irin manyan akwatunan nan na 'yan biki ba, masu shan wuta kamar injin niƙa. Ni abin da ke burge ni shi ne ƙaho, wanda za ka ba shi ƙarfi kaɗan ya mayar maka da murya mai yawa. Sirrinsa a faɗaɗawa yake. Yana farawa da maƙogwaro tsukakke kamar bakin gora, ya yi ta buɗewa a hankali ba tare da kwana mai kaifi ba, har ya kai baki mai faɗi. In ka yi gaggawar buɗe shi, muryar ta watse. In ka matse shi da yawa, ta fito kamar ta mai mura.

Na gwada da kwali, ya yi laushi. Na gwada da kwanon rufi, sai ƙarar gwangwani. Daga ƙarshe na ce bari in gina shi da laka da ciyawa yadda ake gina rumbu, in shafe cikinsa da makuba ya yi sumul. Na sa maƙogwaron cikin turakar marigayi mahaifinmu, wadda ba mai kwana ciki tun rasuwarsa. Na fasa bango, ƙahon ya bi ta nan har ya leƙa bayan gida. Bakinsa, mutum zai iya tsugunawa ciki. Yana kallon gonar mahaifinmu, wadda ƙaninsa Baffa Sirajo ke nomawa yanzu. Niyyata mutanen gona su riƙa jin karatu da labarai suna aikinsu. Kuma ya yi, Malam. Da 'yar rediyo mai batirin tocila, waɗanda ke fadama sunka ce kamar a gefensu take.

To, kwanakin baya 'yar lasifikar da ke maƙogwaron ta fara ƙarar kir-kir, na kwance ta na tafi da ita Tambuwal gyara. Na bar ramin a buɗe. Ba waya, ba batir, ba komai, laka ce kawai da iska.

Inna ta daɗe kunnenta ya yi nauyi. Sai an ɗaga murya sosai take ji, har yaran gida sun gaji, sai su yi mata nuni da hannu. Da na dawo, matata Hamdiyya, wadda ke zaune da ita, ta ce tun ranar da Inna ta shiga share turakar ba ta ƙara zama tsakar gida ba. Da hantsi take shiga, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina kunnenta ga ramin, sai rana ta take. Na leƙa na same ta tana murmushi, irin wanda rabona da ganinsa na manta. Ta ce tana jin kurciya, tana jin sussukar wani ƙauye. Sannan ta ce tana jin Malam, wato mahaifinmu.

Na yi dariya a raina. Da ta tashi alwala, na sa nawa kunnen. Rana tsaka ce, gari shiru, ko akuya ba ta motsi. Da fari sai wani huci mai zurfi, kamar rijiya na numfashi. Can sai na ji gyaran murya, irin mai ɗan tsayawa a tsakiya, sannan aka ce Ya Sattaru, aka ja ƙarshen. Malam, haka mahaifina ke yi duk lokacin da ya miƙe daga duƙe. Na san wannan sauti fiye da nawa. Na fita da gudu na hau katanga. Dawa ta wuce tsawon mutum, ba iska, ba kowa, ganye ko ɗaya bai kaɗa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne muryar na matsowa. Inna ta ce da fari daga can ƙarshen gona take jin ta. Sai ta ce mahaifinmu ya kai wajen tsamiyar da ke cikin gonar. Satin da ya wuce ta ce ya wuce tsamiyar. Kuma ta ce ya kira ta da sunanta na yanka, wanda ka gafarce ni ba zan rubuta ba, wanda ba mai kiranta da shi a duniya tun da anka binne shi.

Yanzu ta rarraba tukwanenta. Ta ba Hamdiyya tunkiyarta. Ta sa an wanke mata farin zanenta ta ninke. Abinci sai ta taɓa ta ture, ta ce mai tafiya ba ya cika ciki. Ba ta da zazzaɓi, ba ta kuka. Ta ce in ya iso bakin katanga za ta tashi.

Hamdiyya ta ce in ɗauki gatari in rushe shi yau, tun da na buɗe ƙofar da ba a buɗewa, kuma ta daina bin ta gaban turakar. Ni kuma in na rushe, na raba Inna da abu ɗaya da take ji a duniya, ban san abin da hakan zai yi mata ba. In na bari, ga shi yana ƙarasowa. Ina koyar da yara yadda sauti ke tafiya, amma wallahi wannan ya fi ƙarfin sanina. Me zan yi?

Naka,
Mai Ƙaho, Tambuwal.

*

Wa alaikumus salam, Malam Mai Ƙaho. Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Ka ce kai malamin kimiyya ne, kuma na yarda. Sai malamin kimiyya ne zai gina kunne mafi girma a ƙasar Kebbe, sannan ya tsorata don ya tarar yana ji.

Ƙaho hanya ce, kuma hanya ba ta san mai tafiya da mai dawowa ba. Yadda yake ɗaukar ƙaramar murya daga maƙogwaro ya baza ta a gona, haka yake tattaro duk motsin gonar ya zuba shi a ramin nan, muddin ba lasifika a wurin. Kafin a ƙirƙiro na'urar ji, tsofaffin wasu ƙasashe ƙaramin ƙaho suke karawa a kunne. An taɓa ƙera manya don jiyo jiragen sama tun suna nesa. Na tabbata ka karanta wannan. Tsoro ne ya rufe maka shafin.

Yanzu koma ka karanta wasiƙarka. Wa ke noma gonar? Ƙanin mahaifinka. Ciki ɗaya, gida ɗaya, mai yiwuwa allo ɗaya. 'Yan'uwa kan gaji gyaran murya kamar yadda suke gadar hanci, kuma tsufa na ƙara kamanta su. A wannan lokaci na shekara akwai wake a ƙarƙashin dawa. Mai roro duƙe yake, ba za ka hango shi daga katanga ba, kuma da yawa daga ƙarshen gona suke farowa su nufo gida. Ina kyautata zaton abin da ke matsowa Baffa Sirajo ne da ciwon bayansa. Je ka gaishe shi, ka tambaye shi inda ya kai.

Ba na dariyar Hamdiyya. Ita ke wuni da tsohuwar tana kallon tuwo na dawowa, kai kana Tambuwal. Tsoronta na kan hanya, gatarin ne bai dace ba. Kai ma da gaskiyarka da ka ƙi rushewa, amma zuba ido ba shawara ba ce.

Ga abin da ya fi damuna, kuma ba aljani ba ne. Yaushe rabon da wani ya yi wa Inna magana a hankali ta ji? Shekaru ana yi mata tsawa ko nuni da hannu, ko da da ƙauna ake yi. Sai ga wata murya ta zo mata cikin taushi. Ko ni ne zan ninke zanena in bi ta.

Don haka kada ka mayar da lasifikar, kada ka rushe komai. Idan ta shiga turaka da hantsi, zagaya bayan gida, ka tsuguna a bakin ƙahon, ka gaishe ta da muryar da kake gaishe ta kana yaro. Ka tambaye ta yadda ta kwana. Ka ce mata kana son cin tuwo tare da ita. Hamdiyya ta zo ta yi mata hirar gida, jikoki su yi mata karatunsu. Baffa Sirajo ma ya zo ya yi sallama ya faɗi sunansa, ya bar ta ta haɗa abin da kanta. Kada ku taru ku ƙaryata ta kamar masu shari'a. Sannan ka nemi izini a makaranta, ka kai ta Sakkwato wajen likitan kunne, a duba ko na'urar ji za ta yi mata. Ka gaya wa likita batun ƙin cin abinci da rabon kaya, kada ka ɓoye, domin baƙin ciki ma ciwo ne kuma ana maganinsa. A yi wa marigayi addu'a da sadaka, da sanin Inna, da hannunta a ciki.

Saura batun suna. Bincika ko akwai wata takwararta cikin masu kai abinci gona. Sai dai na san a wajenku ba a kiran takwarar babba da sunan gatsau, laƙabi ake sa mata. Idan ka bincika babu, kuma Baffa ya ce ranar da ka sa kunne yana kasuwa, to ni ma a nan littattafaina suka ƙare, ba zan yi maka ƙaryar sani ba.

Shi ya sa nake so ka hau babur ɗin nan yau, ba ƙarshen mako ba. Ko wane ne ke tahowa ta cikin dawar nan, idan ya iso bakin katanga, ya tarar da kai zaune a wurin, Inna na sauraronka.

Allah ya ƙara mata kwana masu albarka, ya kwantar da hankalin gidanku.

Malam Ɗangiwa