Allon da Ka Aiko wa Baba

Unguwar Barebari,
Watari.

Zuwa ga ƙanena Abdulhadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khairat da 'yar jaririyarku. Allah ya raya ta, ya sa albarka a aikinka, ya tsare ku daga sharrin garin Legas da cunkoson motocinta. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, amma ba ta yarda kowa ya dama wa Baba fura sai ita. Yaya Madu yana bakin kanal wajen noman rani tun daga asuba, tumatirinsa ya nuna ana ta ɗiba, ya ce bana tsutsa ta ɗaga masa ƙafa. Ni kuma ina nan ina koyarwa a firamarenmu. In an tashi makaranta sai in biya gidana in ɗora tukunya, sannan in wuce wajen Baba in zauna da shi har rana ta yi sanyi. Jikinsa da sauƙi. Ƙafar dama ta fara kai shi zaure da sanda, magana tana fita ko da yake a hankali, hannun dama ne dai har yanzu yatsun ba sa bin umarninsa.

Za ka yi mamakin ganin rubutu maimakon kira. Dalili shi ne, duk sanda na ɗauko magana mai nauyi a waya sai ka yi dariya ka ce Yaya Fanna ke nan, ko ka ce ana nemanka a ofis. Takarda ba a katse ta. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, don ka ce in gaya maka yadda muka ga kyautarka, kuma zan gaya maka.

Kwalin ya iso ta hannun Iliyasu direban motar tumatir. Inna ta ɗauka magani ne, har tana sa maka albarka tun ba a buɗe ba. Da Yaya Madu ya yanke igiyar sai ga wata babbar waya mai faɗin faranti, wadda Baba ya juya ta gaba da baya ya ce wannan ai allo ne, sunan kuwa ya bi ta. Muka kai aka yi mata caji a shagon mai sola, muka kunna wasan da ka ce likitocin zamani suna cewa irinsa yana motsa yatsu, yana kuma ɗebe kewa. Da yake duk rubutun cikinsa Turanci ne, ni aka ɗora wa karatu da fassara. Don haka na gan shi da idona, na taɓa shi da hannuna, ba labari aka ba ni ba.

Abdulhadi, ban taɓa ganin aikin banza da aka ɓata wa lokaci irin wannan ba. Duniyar ciki a miƙe take kamar zanen bango, kamar an sa wuƙa an tsaga ƙasa biyu ana leƙen cikinta. Komai murabba'i ne kamar dunƙulen magi: ƙasa, dutse, ganye, har gajimare. A tsakiya aka ajiye wani ɗan mutum da bai kai ƙwayar wake ba, wai shi ne kai. Ba ya iya zuwa gaba, ba ya iya komawa baya, sai dama da hagu kawai. In ya ci karo da tudu ba ya kewaye shi kamar mai hankali, sai dai ya yi tsalle kamar kwaɗo. Aikinsa na farko shi ne ya sare duk itacen da ya gani. Ya ɗan sassara gindin, itace ya tarwatse, katako ya shige aljihunsa. Baba, wanda ka san bai taɓa yarda a taɓa gawon gonarsa ba, ya tambaye ni ko itacen na ɗan mutumin ne. Na ce ba a faɗa ba. Ya ce to ɓarawo ne.

Kuma gaskiyar Baba ce, don duk abin da ya gani ɗauka yake. Ya haƙa rami, ƙasar ta shige aljihu. Ya tarar da tuluna a kogo, ya farfasa su ya kwashe abin ciki, ba sallama ba tambaya. Da katakon ya haɗa teburin kafinta, daga teburin ya fitar da takobi da ƙofa da kujera a ƙiftawar ido, ba zarto ba ƙusa, sannan ya naɗe teburin shi ma ya cusa a aljihu. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya salla, ba a ce ga uwarsa ga ubansa ba. Akwai wani ɗan taliki da aka ajiye kusa da shi wai shi ne jagora, wanda ba ya ɗaga ko tsinke, sai kai da komo yana ba da shawara. Inna ta ce irinsa sun cika bakin masallacin Juma'a. Ga wasu dunƙule-dunƙule kore masu tsalle, kamar an daskarar da miyar kuka, in sun taɓa ka sai jininka ya ragu. Kafin ka gama gane inda ka dosa rana ta faɗi a cikin allon, alhali mu nan ko la'asar ba a kira ba, sai ga gawawwaki suna tafiya da ƙafafunsu suna buga ƙofa, ga ƙwayar ido tana yawo a sama ba fuska ba goshi. Inna ta yi a'uziyya ta tashi ta bar wurin, ta ce ba za ta zauna inda ake wasa da matattu ba. In an kashe ka kuma sai a kafa maka kabari nan take, ka ɗan jira, ka sake tashi garau ka wuce ta gefen kabarinka. Manyan mutane masu digiri ne suka zauna suka tsara wannan, kai kuma ka duba duk Legas ka zaɓo shi ka aiko wa dattijon da ya shekara saba'in da ɗoriya.

Da a nan abin ya tsaya da dariya kawai zan yi. Amma wasan nan hannu biyu yake so: yatsan hagu yana tafiyar da ɗan mutumin, na dama yana tsalle da sara. Ka manta ne, ko ba ka taɓa ganin hannun ba tun da ya shanye? A waya fuska kawai kake gani. Ranar nan Malam Nababa, abokin Baba tun suna samari, ya zo gaisuwa ya same mu a zaure da allon a cinyar Baba. Ya yi ta zolayarsa wai tsufa ya mai da shi yaro. Baba ya ce bari ya nuna masa yadda ake tsallake rami. Ya kai ɗan mutumin bakin ramin, ya ɗora yatsan dama, yatsan ya ƙi dannuwa, ɗan mutumin ya faɗa ya mutu. Ya sake, ya sake faɗawa. Ya sake. Kaburbura suka jeru a gindin ramin. Malam Nababa ya daina dariya ya koma zancen farashin taki. Baba ya kife allon a tabarma, ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama ya ɗora a cinya ya rufe da babbar riga. Ranar ko furar Inna bai sha ba. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe garma yana ɗaga buhun gero shi kaɗai, abin wasan yara ya kunyata shi a gaban abokinsa. Wallahi da kana kusa da na jefe ka da allon nan. Na kai shi ɗakin Inna na tura ƙarƙashin gado, na yi niyyar in ba Iliyasu ya mayar maka.

Kwana kaɗan bayan haka sai Baba da kansa ya ce a ɗauko masa. Na yi ta kawo uzuri, na ce ba caji, ya ce a kai a yi. Da aka kawo bai koma wajen ramin ba. Ya ce shi ba zai ƙara shiga ƙasa neman ƙarfe ko zinariya ba, wannan haukan masu ƙarfi ne. Ya tsaya a fili yana jera katako ɗaya bayan ɗaya, da hannun hagu kawai, in abu ya buƙaci dama sai ya ce in danna masa. Ya shafe yammaci da dama a kan ɗaki guda, wanda na tabbata kai da numfashi ɗaya za ka gama. Ya yi bango, ya yi rufi, ya sa ƙofa don gawawwakin nan su daina damunsa. Jagoran banza ya ce a sa fitila da tebur da kujera, na fassara, Baba ya sa. Jagoran ya shige ya tare abinsa ba ko godiya. Baba ya ce ba komai, ya ja wani ɗakin a gefe, ya sa masa irin kayan. Muna zaune sai ga wani rubutu ya fito a ƙasan allon, sai ga wani tsoho mai farin gemu da hula, wai ɗan kasuwa ne, ya shigo sabon ɗakin ya tsaya kamar gidan ubansa. Baba ya ce wa ya kira wannan. Na duba bayanin na ce masa ka'idar wasan ke nan: duk ɗakin da aka yi wa ƙofa aka sa fitila da tebur da kujera, wani zai zo ya zauna a ciki. Ya sa na maimaita masa. Ya daɗe yana kallon tsohon, sannan ya miƙo mini allon ya ce in kashe, ya kuma ce in kira masa Madu.

Ka san ɗakinka na kusa da rumbu. Tun da ka yi aure ka daina kwana a gida, Yaya Madu ya mai da shi wurin ajiyar taki da injin ban ruwa da kwandunan tumatir, ƙyauren ma ya ɓalle an jingine shi. Baba ya ce a kwashe komai a ranar. Yaya Madu ya ce ana tsakiyar ɗibar tumatir, ba shi da inda zai kai kayan, a bari sai bayan kaka. Baba ya ce a yau. Suka yi ta ja har Yaya Madu ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi ne yake nan rani da damina, shi ya goya Baba zuwa mota ranar da ya faɗi, amma wanda bai taka ƙafarsa ba tun ciwon nan shi ake share wa ɗaki. Baba bai musa ba. Ya ce, "Gaskiyarka ne, Madu. Kai ai kana nan, shi ya sa ban gyara maka ɗaki ba." Yaya Madu ya fita fuu, muka ɗauka ya tafi ke nan. Can sai muka ji ƙarar amalanke, ya dawo ya fara fitar da buhuna.

Yanzu kafinta ya kafa ƙyauren. An yi wa bangon shafe. An ɗauko teburin da Baba yake ɗora rediyo, da kujerar ƙarfen zaure, Inna ta kawo sabuwar fitilarta mai caji ta rataye a ƙusa. Baba ya taka da sandarsa har bakin ƙofar, tafiyar da ta fi duk wadda ya yi tun da ya kwanta, ya leƙa ya ƙirga kayan da idonsa. Na ce masa, Baba, wancan fa wasa ne. Ya ce ya sani, shi ba mahaukaci ba ne. Sannan ya ce, "Ki rubuta masa ki ce an sa komai."

To na rubuta. Ra'ayina a kan wasanka bai canja ba, shirme ne daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ba shi ne ya san darajar Baba ba. Kada ka kira ka ce ashe kyautarka ta yi amfani, don ba zan saurare ka ba. Kada kuma ka ƙara ba Iliyasu wani kwali. Ka nemi hutu a wurin aikinka, ka ɗauko Khairat da jaririyar da kakanta bai taɓa ɗauka ba, ku zo kafin azumi. In ka iso, kafin ka ajiye jaka ka wuce bakin kanal ka nemi Yaya Madu ka ba shi haƙuri, don ya cancanta.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da man zafi na gwiwa. Maigidana yana gaisuwa, haka ma Barira matar Yaya Madu da yaransu. Malam Nababa ya ce a gaishe ka. Ka gaishe mini da Khairat da kyau, ka shafa mini kan yarinya. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba. Ya ce shi zai yi tasa baki da baki.

Wassalam, taka yayarka,
Fanna.