Rasuwar Alhaji Madu Muhammad Nur da Minti Taran da Muka Yi Muna Kallo

ZAUREN LIKITOCIN GASHIN ƘASHI NA KAZAURE, BABURA, RONI DA GWIWA

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da kaɗuwar da har yau ba ta sake mu ba, wannan Zaure, a madadin Shugabansa, Alhaji Muhammad Sani Gwiwa, da 'yan majalisar zartarwa da ɗaukacin mambobi, yana sanar da 'yan'uwa ma'aikatan lafiya da al'ummar waɗannan ƙananan hukumomi huɗu cewa labarin rasuwar malaminmu kuma Shugaban Kwamitin Ƙaro Ilimi da Wayar da Kan Jama'a, Alhaji Madu Muhammad Nur, ya iske mu da hantsin Lahadi, 8 ga Satumba, 2024, daga asibitin da aka kai shi a Kano. Ya rasu yana da shekara hamsin da huɗu, sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, an kuma yi jana'izarsa a Kazaure bayan la'asar ɗin ranar. Ya bar mahaifiyarsa, Hajiya Ya Kura, da mai ɗakinsa, Hajiya Ummu Salma, da 'ya'ya shida. Mutumin da muka karya kumallo da ƙosai tare da shi da safiyar Asabar, yana zolayarmu ɗaya bayan ɗaya, shi muka zuba wa ƙasa ranar Lahadi, kuma har yanzu wasunmu sukan ɗauki waya za su kira shi sannan su tuna.

Mun jinkirta wannan sanarwa kwana huɗu, kuma da gangan muka yi. Akwai wani hoton bidiyo da ke yawo a wayoyin jama'a daga Babura har Kazaure, wanda yake nuna marigayin kwance a kan tabarma, likitoci sun kewaye shi suna tafi. Hoton gaskiya ne, mu ne a ciki. Mun ga bai kamata mahaifiyarsa ta ji bayanin wannan abu daga bakin kowa ba sai namu, kuma mun je gabanta ba tare da mun san ko za ta yafe mana ba. Yanzu da ta ji, ga bayanin ga jama'a, amma ba zai fahintu ba sai an san wane ne Alhaji Madu da kuma irin aikinsa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana gashin ƙashi da motsa gaɓɓan marasa lafiya, kusan dukansu a wannan yanki. Kowa ya san ba a sabunta wa ma'aikacin irinmu lasisi sai ya nuna shaidar ya ƙaro ilimi, kuma a da, sai mutum ya niƙi gari ya tafi Kano ko Dutse, ya zauna a ɗakin taro yana gyangyaɗi, ya karɓo takarda ya dawo kamar yadda ya tafi. Alhaji Madu ya tsani wannan tsari, bai kuma ɓoye ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya kafa abin da muke kira Zaman Asabar: ranar Asabar ta farkon kowane wata, a haɗu a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin huɗu, bi da bi, a koyi aiki da hannu a kan mutum mai rai. Yakan iso a kan babur ɗinsa da tabarma ɗaure a baya da matashin kai guda biyu, ya shimfiɗa a tsakiyar zaure, ya ce duk wanda ya zo don takarda kawai ya koma gida za a aika masa. Ya jawo masu ɗori da ungozomai da wanzamai cikin zaman, abin da wasunmu, har da mai sa hannu a wannan takarda, muka yi gunaguni a kai da farko, mun kuma ji kunya daga baya da muka ga yawan masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki da suka riƙa turo mana da wuri.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki shi ne babban abin da ya sa a gaba. Ranar kasuwa yakan kafa benci a Roni ko Kanya Babba ya yi wa manoma da 'yan acaɓa awon jini kyauta, yana nanata musu alamomi uku har sai sun haddace: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Yakan ce wanda ya ga waɗannan kada ya tsaya shafa mai ko turare, ya nemi mota. A gidajen da ya shiga, ya koya wa matan aure da 'ya'ya yadda ake juya majinyaci kada ya yi gyambo, da yadda ake tayar da shi zaune ba tare da an fizgi kafaɗarsa ba. Akwai magidanta a ƙauyukan Gwiwa da aka riga aka fid da rai za su sake taka ƙasa, bana da su aka yi noman gero.

Sai dai Alhaji Madu yana da wata dabara ta koyarwa wadda duk wanda ya taɓa halartar Zaman Asabar ya sani. Ana tsakiyar darasi, ba sanarwa, sai ya karkatar da baki, ya saki hannu, ya sulale a kan tabarma. Dokar da ya kafa da kansa ita ce tsofaffin mambobi ba sa tsoma baki, sababbi ne za su faɗi alamomin, su kwantar da shi yadda ya dace, su tallafe hannun da matashi, ni kuma a matsayina na kakakin Zaure ina riƙe da agogo ina lissafin lokacin da suka ɗauka. In sun gama sai ya miƙe yana dariya, ya kwaikwayi wanda ya ruɗe, ya tambaye shi ko haka zai yi wa surukinsa. Gwani ne a wannan kwaikwayo, Allah Ya jiƙansa, har yawu yakan bari ya zubo. Sau da yawa ya sa baƙi salati da kuka, mu kuwa tsofaffi muna gefe muna murmushi, muna jin mu mun waye.

Ranar Asabar, 7 ga Satumba, zaman ya kama a Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura, mutum talatin da ɗaya, takwas daga cikinsu sababbi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, yana cikin bayanin yadda ake kare kafaɗar da ta shanye, maganarsa ta sarƙe, bakinsa ya karkace, ya faɗi a kan tabarmarsa. Na danna agogo. Sababbin suka faɗi alamomi uku ba kuskure, suka juya shi a kan gefe, suka sa matashi ƙarƙashin hannu, aikinsu ya yi kyau, muka tafa musu. Tafin da ke cikin bidiyon ke nan. Bai tashi ba, muka ce ai yau Malam ya tsawaita jarrabawa, wani ma daga baya ya yaba cewa kwaikwayon yau ya fi na kullum. Malama Sadiyya Mamuda, wadda ta fi kowa daɗewa tana aiki tare da shi, ita ce ta hango hularsa ta gangara har gindin bango. Alhaji Madu bai taɓa yin faɗuwar wasa ba sai ya fara cire hular nan ya ɗora a kan tebur, domin zanna ce da mahaifiyarsa ta kawo masa daga Borno, ba ya yarda ta taɓa ƙasa. Malama Sadiyya ta yi ihu ta ture mutane ta isa gare shi, ta tarar zufa ta jiƙa shi, idonsa ɗaya ba ya amsa haske. Na duba agogon hannuna, minti tara.

Minti tara, likitoci ashirin da wani abu, waɗanda shi ya koya wa cewa ba a jira, mun tsaya muna kallon malaminmu yana fama. Ba mu san da wane baki za mu faɗi wannan ba, amma haka ya faru. Daga nan aka sa shi a motar Shugaban Zaure zuwa Kazaure, aka wuce da shi Kano, bai sake magana ba. Likitocin da suka duba hoton kansa sun shaida mana cewa jinin da ya zuba yana da yawa, kuma da wuya a ce mintunan nan ne suka canja wani abu. Mun yi imani da cewa kwanansa ne ya ƙare, babu mai ƙara masa ko daƙiƙa. Amma ba za mu fake da wannan mu wanke kanmu ba. Mun kuma binciki kanmu muka tarar da wani abin kunyar: a shekara goma sha ɗaya na Zaman Asabar, ya ɗaura wa kowannenmu abin awon jini a dantse, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa ɗaura masa.

Ranar Litinin majalisar zartarwa ta zauna ta yanke shawarar dakatar da Zaman Asabar sai abin da hali ya yi, domin babu mai ƙarfin halin sake kallon tabarmar nan. Ranar Laraba, bayan an watse daga zaman makoki, Shugaban Zaure da Malama Sadiyya da ni muka nemi iso wurin Hajiya Ya Kura, Hajiya Ummu Salma tana zaune a gefenta. Muka durƙusa, na miƙa mata hular, na faɗa mata komai, har tafin, har agogon da ke hannuna, na kuma roƙi gafararta. Ta daɗe tana juya hular tana magana ƙasa-ƙasa da Kanuri, ba mu ji abin da ta ce ba. Da ta ɗago sai ta ba mu labari da Hausa cewa shekarun baya ya taɓa yi mata wannan faɗuwar a tsakar gida don ya gwada ko ta haddace alamomin, ta ruɗe ta tara maƙwabta, ya tashi yana dariya, ta bi shi da mafici tana duka, ta kuma rantse in ya sake ba za ta ko motsa ba. Ta ce da tana Kanya Babba ranar nan, ita da ta haife shi, tare da mu za ta zauna tana kallo. Ta ce ta yafe mana duniya da lahira, Hajiya Ummu Salma ma ta yafe, cikin kuka.

Da Shugaba ya shaida mata an dakatar da zaman, a nan ne ranta ya ɓaci. Ta tambaye mu ko ciwon ma mun dakatar da shi a ƙauyuka. Ta sa aka ɗauko tabarmar da matasan kai biyu daga inda aka jingine babur ɗinsa, aka ajiye a gabanmu, ta ce hular dai tata ce, waɗannan kuwa kayan aiki ne, ba ta da abin yi da su. Muka fito da su a hannu, babu mai iya kallon ɗan'uwansa.

Saboda haka Zauren yana sanar da cewa ya janye dakatarwar. Daga yau kuma, duk wanda ya faɗi a gabanmu, a darasi ne ko ba a darasi ba, mara lafiya ne har sai an taɓa shi an tabbatar, kuma ba za a fara kowane zama ba sai an yi wa mai koyarwa awon jini a gaban kowa. Muna roƙon duk wanda yake da bidiyon nan a wayarsa, don girman Allah, ya goge shi, domin marigayin yana da 'ya'ya, kuma ƙaramarsu ta isa riƙe waya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarmu Hajiya Ya Kura, da Hajiya Ummu Salma, da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na Kazaure da na Borno, da majinyatansa waɗanda da yawansu har yanzu suna sauraron ƙarar babur ɗinsa. Allah Ya jiƙan Alhaji Madu Muhammad Nur, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanya kowane takun da wani ya sake yi ta dalilinsa a cikin mizaninsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriya, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya yafe mana sakacinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Zaman Asabar na gaba zai kasance a Gwiwa, ranar 5 ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, kuma ƙofa a buɗe take ga masu ɗori da ungozomai da iyalan majinyata kamar yadda ya saba. An nemi wanda zai kwanta a kan tabarmar, na ce ni zan kwanta, tunda ni na riƙe agogo. Ban iya kwaikwayo kamarsa ba, ba na kuma fatan in iya. Roƙona ɗaya ne ga duk wanda zai halarta: in kun ga na faɗi, kada ku tsaya kallona, ku zo ku taɓa ni.

Sa hannu:
Malam Jalaluddeen Ashiru Kazaure,
Kakakin Zauren Likitocin Gashin Ƙashi na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.
Alhamis, 12 ga Satumba, 2024.